Kuba, hinji da sakatar tsohon gida a Jos: tambayoyi da amsoshi

Gidan da mahaifinmu ya bar mana a Bukuru asalinsa na ma'aikatan kamfanin kuza ne. Da muka tashi gyara shi, rufi da fulasta ba su ba mu wahalar da 'yan ƙarafan jikin ƙofofi suka ba mu ba. Tun daga nan duk wanda ya ji labari sai ya zo da tasa tambayar, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Ga su na tattara, tare da abin da na koya wurin kafintoci, maƙera da masu yanka makulli. In na ce kuba ina nufin wadda ke jikin ƙofa, makulli kuwa wanda ake sakawa a aljihu.

Kasuwa cike take da sababbin kubobi. Me zai sa in wahalar da kaina neman tsohuwa?

Babban dalilin yana jikin katakon. An fafe kowace tsohuwar ƙofa daidai da kubar da aka yi ta dominta. In ka kawo sabuwa, ramin mariƙi ba zai faɗa inda na da yake ba, na makulli ma haka, dole kafinta ya huda wasu ramukan ya toshe tsofaffin da garin katako da gam. Ƙofar da ta yi shekara 80 lafiya lau sai ta yi rauni a daidai wurin da ake buƙatar ƙarfinta.

Sannan tsofaffin an yi su ne don a riƙa gyara su. Sukuru 2 ko 3 za ka kwance, murfi ya buɗe, ka ga komai a fili. Akasarin waɗanda ake cewa sun mutu, datti ne da busasshen mai, ko sifirin guda da ya karye. Ni kam zuciyata ba ta jure ganin ƙofar madaci an manna mata mariƙi mai walƙiya wanda zai ɓare kafin damina biyu.

Wane irin kaya ake samu a tsofaffin gidajen Jos, kuma daga ina suka zo?

Kuza ce ta gina garin, jirgin ƙasa kuma ya ɗauko kayan ginin. Zuwa 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya kai Bukuru, a 1927 kuma babban layi ya iso Jos ta Kafanchan. Kantunan irin su John Holt da UAC ne suka cika ƙasar da kayan Ingila, shi ya sa in ka kankare fenti a gidajen Rayfield, Anglo Jos, Tudun Wada ko Bukuru, sunayen da za ka yi ta gani na can ne: Union, wadda kamfanin Josiah Parkes ke yi a garin Willenhall, da Chubb ta Wolverhampton, da Yale, da Legge. Willenhall gari ne da sana'arsa kenan, ƙera kuba da kwaɗo.

Kuba iri biyu ce. Akwai mai akwati, wadda ake ɗaura wa ƙofa ta ciki ana ganin jikinta gaba ɗaya, akwai kuma wadda ake fafe gefen ƙofa a cusa ta, fuskarta kawai ake gani. Mariƙi ko dai dunƙulalle ne na tagulla, na katako ko na baƙar robar nan mai tauri da ake kira Bakelite, wadda ta yi tashe daga shekarun 1930 zuwa 1950, ko kuma mai hannu na dannawa. Gidajen cikin gari irin na Gangare sun fi dogara da sakata da kwaɗo, wani lokaci na kanti, wani lokaci ƙirar maƙerin unguwa. Na wannan rukunin, duba amsar da ke kan ƙyauren zaure a ƙasa.

Me zan fara yi kafin in taka kasuwa?

Ka fara da ma'aikatanka. Ka faɗa wa kafinta da mai fenti da yaransu, baki da baki, cewa ko sukuru ɗaya kada ya fita daga gidan. Mu a nan muka yi asara: kwana 2 ba na nan, na dawo na tarar an cire mariƙan tagulla na ɗakuna 3 an sayar wa mai jari bola a kan kilo, don a ganin yaran tarkace ne. Har yau takaicin bai bar ni ba.

Daga nan ka ba kowace ƙofa lamba, ka ɗauki hotonta ciki da waje da gefe. Duk abin da aka cire a zuba shi a leda guda da sukurorinsa, a rubuta lambar ƙofar a jiki. Ka leƙa sito, kicin na baya, ɗakin masu aiki da gareji, domin sau da yawa abin da ya ɓace a falo yana nan a ƙofar da ba wanda ya damu da ita.

Wane awo zan ɗauka? Na sayo kuba mai kama da tawa amma ta ƙi shiga.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don kama a ido ba ta isa ba. Kayan da aka kawo kafin shekarun 1970 da inci aka yi su, na yanzu kuma da milimita, inci 1 kuwa milimita 25.4 ne. Hinji mai inci 4 ya kusa milimita 102, sabon da za a ba ka a matsayinsa 100 ne, kuma ramukan sukurorinsa ba lallai su hau kan na da ba.

A kubar da ake cusawa, awo 3 ne ba a wasa da su. Na farko, daga gefen ƙofa zuwa tsakiyar ramin mariƙi: kubar Ingila mai zurfin inci 2 da rabi takan ba da kusan milimita 44, mai inci 3 kuma 57. Na biyu, daga tsakiyar ramin mariƙi zuwa ramin makulli: a yawancin na Ingila 57 ne, alhali sababbin masu silinda, wato ɗan bututun da makulli ke shiga, sukan zo da 72 ko 85, abin da ya sa farantin tsohon mariƙi ba ya hawa kansu ke nan. Na uku, tsawo da faɗin fuskar da ke gefen ƙofa. Ka ƙara da kaurin ƙofar kanta. Sandar nan mai kusurwa 4 da ke ratsa kuba ta haɗa mariƙan biyu ita ma a auna ta: wadda aka fi samu kusan milimita 8 ce, amma akwai tsofaffi masu sirantaka, kuma in sanda ta yi wa rami kaɗan mariƙi zai riƙa kaɗawa har ya cinye ramin.

Kuba mai akwati tana da hannu, wata ta dama ce wata ta hagu. Ka tsaya a ɓangaren da take, ka lura da inda hinji yake da inda ƙofar ke buɗewa, ka rubuta. Dunƙulallen mariƙi kuma yana son nisa da gefen ƙofa, shi ya sa ake haɗa shi da doguwar kuba mai inci 5 ko 6. In ka sa shi a gajera, yatsunka za su riƙa gugar firam. Abin da ya fi duka sauƙi: cire tsohuwar, ko ta lalace, ka tafi da ita kasuwa a jaka.

Yaya zan gane tsohon gaske da wanda aka shafa wa baƙi don ya yi kama da tsoho?

Tafi da mayen ƙarfe a aljihu. Tagulla ba ta kama shi. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Ɗauki abin ka ji nauyinsa, sannan ka duba inda ya goge. Mariƙin da aka yi shekaru ana kamawa yakan yi haske da santsi a inda hannu ke taɓawa, lungunansa su yi duhu. Na jabu launinsa ɗaya ne ko'ina.

Juya bayansa ka nemi tambari. Kayan Ingila da aka yi wa rajistar zane tsakanin 1842 da 1883 suna ɗauke da alama mai kusurwa 4 a tsaye kamar daimon, daga 1884 kuma aka koma rubuta "Rd" da lamba. Lambar tana nuna lokacin da aka yi rajistar zanen, ba ranar da aka ƙera wanda ke hannunka ba, don ana iya shekaru ana buga zane ɗaya. Sukuru ma shaida ne: na da mai tsaga ɗaya ne, mai kan tauraro ya zo daga baya.

Ina ake nema a Jos?

Ba shagon da za a nuna maka a ce nan ne. Tun gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002 'yan kasuwa suka warwatsu, sai an bi su lungu-lungu. Ka zaga wajen 'yan gwangwan da masu tsofaffin ƙarafa a Dilimi, ka shiga kasuwar Katako wurin masu tsofaffin ƙofofi da tagogi. Kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru ta sababbin kaya ce, amma ana dacewa da tsohon ɗan kasuwa mai ragowar kwalin da ya shekara a ƙasan kanta.

Hanyar da ta fi yi mana amfani ita ce tsofaffin kafintoci da masu rushe gini. Su ne suka san gidan da za a sauya wa ƙofofi mako mai zuwa. Ka je da ladabi, ka gaida Baba da aiki, ka nuna masa samfur, ka bar lambarka, in ya kira ka kuma ka ba shi na goro ko ba ka saya ba. In ka samu tsohuwar ƙofa da kayanta duka a jiki, sayi ƙofar ɗungurungum. Yakan fi araha, kuma za ka samu gidan harshe, wato farantin jikin firam da harshen kuba (ƙarfen da ke fitowa ya riƙe ƙofa) ke shiga, wanda shi ne ya fi saurin ɓata. Kafin ka biya, karanta amsar da ke kan kayan sata.

Ina zaune a Abuja, gidan kuma yana Jos. Zan iya samu a nan?

Da wuya. Abuja sabon gari ne, sai 1991 gwamnati ta tare, don haka abin da ke Dei-Dei na zamani ne. Garuruwan da jirgin ƙasa ya raya su ne wurin nema: Kaduna, musamman Panteka, da Zariya, Kano da Kafanchan.

Yaya zan tabbata ba kayan sata nake saya ba?

Wannan magana ce mai nauyi a garinmu. Tun 2001 rikice-rikice sun raba mutane da yawa da gidajensu, Musulmi da Kirista, an bar gidaje ba kowa, wasu an kwashe musu ƙofofi da tagogi. Akwai kuma tsofaffin gidajen gwamnati da na jirgin ƙasa da ake yi wa ɗauki ɗai-ɗai. Ba na son in gyara gidan mahaifina da abin da aka ɓalle daga gidan mahaifin wani.

Ka tambayi mai kaya daga wane gida ya fito, wa ya sayar masa. Mai gaskiya zai faɗa ba tare da ɓata rai ba. In kuba ta zo da guntun katako a jiki alamar an fincike ta da ƙarfi, ko aka ce ka zo da dare, ka haƙura da ita.

Kubar tana nan lafiya, makullin ne ya ɓata. Sai an fasa?

A'a, kada a fasa. In ƙofar a buɗe take, kwance kubar ka kai wa tsohon mai yanka makulli, irin wanda ya iya aiki da zarto, ba mai injin kwafi kaɗai ba. Zai buɗe murfin, ya duba 'yan farantan ciki da ake kira liba, ya yanka haƙoran makulli daidai da tsayin kowanne. Na ɗakunan ciki yawanci liba 2 ne ko 3, aikin ba ya ɗaukar lokaci. Ka ce masa ya jera libobin yadda ya same su, don in aka sauya jerin, makullin da ka tsinta daga baya ba zai buɗe ba.

Karyayyen sifirin ana yin wani da sifirin tsohon agogon bango. Wajen shafa mai kuma a yi hankali: baƙin mai da man gyaɗa suna kama ƙurar hunturu su daskare. Goga bakin fensir a jikin makulli ka juya shi sau da yawa, ya wadatar; ɗigon man keken ɗinki a kan harshe kawai.

Fenti ya rufe komai, hawa kan hawa. In sa a kankare da wuta ko da injin gurza?

Hajiya, kada ki bari. Tsohon fenti sau da yawa yana ɗauke da dalma, kuma ƙurarsa da hayaƙinsa guba ne, musamman ga yara da mai ciki. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Injin gurza kuma yana share tambari da zanen da kike wahala a kansu.

Ki sa a samo tsohuwar tukunya da ba za a ƙara girki da ita ba har abada. A zuba ruwa da ɗan omo, a sa kayan, a bar su kan wuta kaɗan-kaɗan a tsakar gida na wasu awoyi. Fentin zai yi laushi ya saɓule, a cire shi da tsinke da tsohon buroshin haƙori tun da ɗumi, a tattara dattin a leda a ɗaure. Mariƙin katako, na tangaran da na Bakelite ba sa shiga tukunya, ita ma kuba sai an fitar da kayan cikinta. Ƙarfe mai tsatsa a jiƙa shi da kananzir a goge da buroshin waya, a shanya a rana sosai, a shafe da kakin zuma. Tagulla kuwa lemon tsami da toka mai laushi sun isa, amma a ɗauraye da kyau, kuma shawarata kada a goge ta har ta koma kamar sabuwa. Duhun nan na lunguna shi ne kyanta.

Sukurori sun ƙi fita, hinji kuma ya saki.

Share tsagar sukurun da bakin wuƙa har ƙasa, ka sa sukundireba mai faɗin tsagar daidai, ka ɗan ƙara ɗaure shi kafin ka kwance. In ya ƙi, ɗora masa ƙarfe mai zafi na minti ɗaya. Ramin da ya yi faɗi a toshe shi da guntun katako da gam, a bar shi ya kwana, a sake huda. Kada a maye gurbinsa da ƙusa.

Tsofaffin hinji da yawa ƙarfen zubi ne: yana jure nauyi amma ba ya jure guduma, bugu ɗaya sai ya tsage, kuma walda ta yau da kullum ba ta kama shi da kyau. In ƙofa ta sauka don gaɓoɓin hinji sun ci, washa siririya, wato ɗan zoben ƙarfe, tsakanin gaɓoɓin takan ɗaga ta, ko a musanya na sama da na ƙasa. Ka adana tsofaffin sukurori, domin kan tauraro a kan tsohuwar tagulla yana ɓata aikin duka.

Na nema na gaji. Za a iya ƙera mini irinsa?

Za a iya, in kana da guda ɗaya na samfur. Masu zubi suna danna shi cikin yashi su fitar da siffarsa su zuba narkakkiyar tagulla, yadda masu zubin tukunya ke yi da alminiyom. Bida ta yi suna a aikin tagulla, Kano ma akwai masu yi. Abu ɗaya za ka sani: tagulla tana tsukewa in ta huce, kimanin kashi 1 da rabi cikin 100, wato faranti mai milimita 100 zai fito da ragin kusan milimita 1 da rabi. A mariƙi ba a lura, amma a ramukan sukuru da na sanda ana ji, don haka a zuba shi a toshe, a huda daga baya bisa awon da aka yi bayani a sama. A fara da guda ɗaya ka gwada kafin ka ba da aikin 10.

Sakata, maratayin kwaɗo da dogon hinji na maƙeri ne, kuma nasa yakan fi na kanti dacewa da tsohuwar ƙofa. Cikin kuba ne kawai ba na ba da shawarar a ƙera. Gara a sayo wata matacciya irinta a ciri kayan gyara. Ana kuma samun kayan a intanet wurin masu sayar da tarkacen tsofaffin gidaje a Ingila, sai dai ƙarfe na da nauyi, ga canji ga kwastan. In za ka saya, ka sa mai kaya ya ɗora rula a kai ya ɗauki hoto.

Ƙofofina 10, kayan asali na 6 kawai na samu. Yaya zan raba?

Bi ido. Ƙofofin da ake gani tare daga wuri ɗaya, kamar na falo da baranda, su samu na asali. Na sito da banɗaki su ɗauki na zubi ko mai kama. Dama can ba iri ɗaya aka sa wa gidajen ba: tagulla a gaba, baƙin ƙarfe a kicin da ɗakunan baya.

Tsohuwar kuba za ta tsare gida kuwa?

A ɗakunan ciki, ƙwarai. A ƙofar waje, mai liba 2 ko 3 ba ta isa ba, kuma ba zan ce wa kowa ya sayar da tsaron iyalinsa don kyan ƙofa ba. Abin da muka yi shi ne barin tsohuwar a wurinta tana aikin mariƙi da harshe, muka ƙara sabuwa mai liba 5 a sama da ita, irin wadda ake cusawa, ramin makulli kaɗai ake gani, muka rufe shi da ɗan farantin tagulla na da. Ta ciki kuma sakata 2, sama da ƙasa. In dole sai ƙofar ƙarfe, a kafa ta a matsayin ta biyu daga waje, ta katakon ta zauna a bayanta.

Namu ba gidan Turawa ba ne, ƙyauren zaure ne na gargajiya. Shawarar ɗaya ce?

Kusan ɗaya, sai dai nan maƙeri ne jagora. Irin wannan ƙyaure falankai ne da aka ɗaure da ƙarafa a kwance da ƙusoshi masu faɗin kai, kuma da yawa ba su da hinji, a kan ƙafa suke juyawa cikin rami a ƙasa da wani a sama. In ƙyauren ya sauka, ƙafar ce ta ci ko ramin ya zurfafa, sai a yi wa ƙafar takalmin ƙarfe a ɗaga ramin. Ƙusar da ta ɓace a kai wa maƙeri 'yar'uwarta ya buga irinta. In kana son ganin yadda ƙofa ke zama a ginin ƙasa, je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. A harabarsa akwai sashen gine-ginen gargajiya da aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya.

In dillali ya zo yana zawarcin ƙyauren, ka sani dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta sa aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ba a fitar da shi ƙasar waje sai da izini.

An gama komai, damina ta zo ƙofa ta cije, harshe ba ya shiga. Kubar ce?

Yawanci katakon ne. Daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, katako yana shan danshi ya kumbura, hunturu ya zo ya tsuke. In ka sa aka fere ƙofa a watan Agusta, a Janairu za ka ga rata da sanyi ke shigowa, harshe kuma ya kasa kai gidansa. Fara duba sukurorin hinji na sama, kamar yadda aka yi bayani a amsar hinji. In lafiya suke, shafa alli a bakin harshe ka rufe ƙofar, ka ga inda ya taɓa, a ɗan buɗa gidan harshen da zarto daidai wurin. Saman ƙofa da ƙasanta, inda mai fenti ba ya kaiwa, ta nan ruwa ke shiga. A jira rani a sauke ta a shafe su.